Kwabo Mai Huda a Gwangwanin Baba

Yaran yanzu ba su san kukan kuɗi ba. Ina zaune a ƙofar gida a nan unguwar Dichemso ina kallonsu, mai sayen gawayi da mai sayarwa kowa ya sunkuyar da kai kan waya, a danna nan a danna can, shi ke nan wai an biya. Ba abin da ya taɓa hannu, ba abin da ya faɗi ƙasa balle a bi shi da gudu kafin ya shige kwata. Mu da muka tashi a unguwar Aboabo, da kunne muke fara sanin kuɗi kafin ido. Sulen azurfa in aka jefa shi kan dakali yana da wata 'yar waƙa siririya da ke daɗewa kafin ta mutu. Na tagulla muryarsa a shaƙe take kamar mai mura. Na jabu kuwa faɗuwa yake tim, kamar an yar da ƙwallon dabino. Mahauta ba sa karɓar sule sai sun buga shi a kan katako sun karkata kai sun saurara, kuma in mai talla ta wuce, daga ƙarar bakin zanenta ka san ko kasuwa ta yi mata kyau.

Gidanmu gidan goro ne. Baba fatauci yake yi, yana saye daga ƙauyukan ƙasar Asante yana kaiwa arewa. Kafin ka shiga zauren ƙamshin ɗanyen ganye ya tare ka. Aikinmu ni da Yayata, wadda ta girme ni sosai, shi ne mu buɗe huhu, mu tsince goron da sankara ta taɓa, mu canja ganyen da ya bushe, mu yayyafa ruwa. Mu biyu ne kawai muka rayu a ɗakin Mma, sauran duk sun koma tun suna ƙanana, shi ya sa ake lallaɓa ni kamar ƙwai. Ni nakan tsince goro kaɗan in sulale wajen ƙwallon lemo da yaran layi, in bar Yaya da huhu. In Baba ya dawo ya tambaya, sai ta ce mun gama tare. Da asuba kuma ita ke taya Mma tace gasarar koko, ina kwance ina jin ruwa na ɗiga cikin baho, ga ladan yana gyaran murya, ga lorin farko yana tari a bakin titi. Yanzu an rushe gidan an yi bene mai shaguna a ƙasa. In na wuce ba na iya nuna inda rijiyarmu take.

Baba yana da dukiya iri biyu, ɗaya ɓoyayya, ɗaya kowa ya sani. Ɓoyayyar ita ce fam-fam na zinariya da ya taho da su daga Makka, a zamanin da ake tafiya ta ƙasa ana shekaru a hanya. A cikin wata ɗamarar fata suke, ba mu taɓa ganinsu ba sai bayan ransa. Wadda kowa ya sani kuwa wani tsohon gwangwanin shayi ne. Duk garin da ya sauka, duk lokacin da aka fito da sabon kuɗi, sai ya nemi ɗaya sabo fil wanda bai shiga hannu ba, ko a banki ko a kantin Larabawan Kwara, ya naɗe shi a ƙyallensa shi kaɗai ya jefa a gwangwanin. Akwai anini, akwai kwabo mai huda a tsakiya, akwai taro da sisi da sule mai hoton kwakwa, akwai na ƙasar Faransa, akwai masu rubutun Larabci. Baba bai yi boko ba, bai san abin da aka rubuta a jikin yawancinsu ba. Amma kowane ɗaya ya san inda ya same shi da wanda ya ba shi da abin da ya ci a garin.

Ranar Juma'a bayan La'asar yake buɗewa. Ya shimfiɗa buzu a zaure, mu zauna gabansa. Doka ɗaya ce: ba a kama kuɗin da fuska, sai ta gefe, da yatsa biyu. Ni hannuna kullum da maiƙon ƙosai, don haka kallo kawai nake yi. Yaya ce ke kwancewa, ita ce ke mayarwa ta ɗaure. Wata rana Mma ta leƙo ta ga wasu sun yi duhu, ta ce a ba ta ta murje su da toka da lemun tsami su yi haske kamar tasoshinta. Baba ya rufe gwangwanin da tafin hannu.

"Tukunya ake gogewa," ya ce. "Ki bar su da tsufansu."

"To amfaninsu me? Ko barkono ba za su saya ba."

"Zinariya ta ciki ce, waɗannan na ido ne. Zinariya in kin ga ɗaya kin ga dubu. Waɗannan kowa da garinsu."

Mma ta taɓe baki ta koma madafa. Mu ma ba mu ɗauki maganar da wani nauyi ba. Mun ɗauka irin abin da tsofaffi ke faɗa ne don kare wasansu.

Ina saurayi ɗanye Baba ya rasu, Yaya tana da goyon fari. Ranar rabon gado ba ta fita raina. An zauna a zauren nan, ga malamin unguwa, ga Baffa ƙanen Baba, ga wani maƙeri da aka kira da ɗan sikelinsa. Aka kwance ɗamarar, zinariya ta zubo kan farin ƙyalle. Maƙerin bai dubi hoton da ke jikinsu ba, bai tambayi daga ina suka fito ba. Ɗorawa yake yana saukewa yana faɗin nauyi. Aka fitar wa Mma tumuninta, aka ba ni kaso biyu, aka ba Yaya ɗaya, yadda shari'a ta ce. Sai aka zo kan gwangwanin. Maƙerin ya zazzage, ya tsince na azurfa ya auna su aka raba, daga baya shi ya narka su ya yi wa Mma da Yaya awarwaro. Sauran, tagulla da farin ƙarfe, ya ture su gefe da bayan hannu. A lokacin an riga an canja kuɗi, ba sa ci a kasuwa.

"Waɗannan ba dukiya ba ne," in ji Baffa. "Kayan wasan yara ne."

Malam ya ce tunda ba su da ƙima, duk mai so ya ɗauka. Yaya ta matso a hankali, ta fara mayar da kowane cikin ƙyallensa tana ɗaurewa yadda ta saba. Da ta gama ta ɗora gwangwanin a cinyarta. Kumbura fuska kawai na yi na juya kai wajen bango, abin da na saba yi tun ina yaro in ina son abu. Ta dube ni, idanunta jajur saboda kuka, ta turo shi gabana.

"Riƙe, Auta. Kai ne namiji, kai za ka zauna a zauren. Amma kar ka kama su da fuska."

Na karɓa. Ba don ina son su ba, don dai kar a ce an ba wani abin Baba ba ni ba. Na jefa gwangwanin a ƙasan akwatina, na bi duniya.

Da kasona na koyi gyaran mota a Magazin, unguwar makanikai, daga baya na buɗe shagon kayan mota. Allah ya buɗa, na yi aure, na je Makka a jirgi, abin da Baba ya yi shekaru yana tafiya na yi shi tsakanin hantsi da dare. Ita kuwa Yaya zinariyarta ba ta yi mata ado ba ko sau ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya take kai su wurin maƙeri. Lokacin ciwon Mma ta kai. Da mijinta ya rasu ya bar ta da yara ta kai. Shekarar da daji ya ci wuta yunwa ta shigo gari, har masu kuɗi suna layin garin rogo, ta kai ta ƙarshe, ta sayi masara buhu, kuma 'ya'yana ma a tukunyarta suka ci. Na taɓa raka ta sau ɗaya. Maƙerin ya ɗora a sikeli, ya faɗi farashin ranar, ya ƙirga ya ba ta. Ba ciniki, ba labari. Ta ƙulle a bakin zane muka fito, a hanya ta ce mini, "Kyawun zinariya ke nan, Auta, ba ta yi maka gardama ranar da ka neme ta." Daga nan sai tukunyar koko da kaskon ƙosai da ta gada wurin Mma, a bakin titin Aboabo, damina da rani.

Sai duniya ta juya mini baya ni ma. Kaya suka yi tsada, wanda nake saro wa ya gudu da kuɗin mutane, shago ya mutu a tsaye. A daidai lokacin ne Yaya ta fara ciwon ciki. Ta ɓoye har sai da ta kasa ɗaga tukunya. A asibiti suka ce ƙari ne, sai an yi aiki, kuma da wuri. Kuɗin da suka faɗa ba wani dutse ba ne ga mai shi, amma a hannunmu a lokacin ya fi ƙarfinmu. Na sayar da rediyo da babbar rigata ta Salla. 'Yarta ta fari, Adiza, ta sayar da keken ɗinkinta. Aka yi yekuwa a masallaci bayan Juma'a, mutane suka yi abin da za su iya. Ana tarawa ana ci da magani, ana tarawa ana ci da magani. Ranar da kuɗin suka cika, likita ya duba ya ce abin ya riga ya bazu. Muka dawo da ita gida. Ba ta kai azumi ba.

A duk wannan fafutukar na buɗe akwatin nan ya fi a ƙirga, ina neman abin sayarwa. Nakan ɗaga gwangwanin in ajiye shi gefe don in duba ƙarƙashinsa.

Shekaru suka tafi. Ƙafa ta yi nauyi, ɗana ya ɗauko ni daga Aboabo ya kawo ni gidansa a Dichemso. A nan na haɗu da maƙwabcinmu Papa Yaw, Ba'asante, tsohon ma'aikacin gidan waya da ya yi ritaya. Shi coci, ni masallaci, amma da yamma allon dara ɗaya ne ke tsakaninmu a ƙarƙashin mangwaro. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a wurinsa, inda ta ƙare masa ya cika da yarensu na Twi, ni ma in mayar masa. Wata rana ruwa ya kore mu cikin falonsa, sai ya fito da wani akwati mai aljihuna, kowane aljihu da tsofaffin kuɗi a jere cikin 'yan gidajensu. Tun yana aikin gidan waya yake tarawa. Na yi dariya na ce ashe ciwon Babana bai mutu da shi ba, ni ma ina da irin wannan tarkacen cikin gwangwani.

"Alaji, kawo shi in gani," ya ce.

Kashegari na kai. Murfin ya yi tsatsa sai da muka sa wuƙa. Ƙullin Yaya yana nan yadda ta yi shi, ƙyallayen sun yi rawaya. Na kwance na farko, kwabo mai huda, na ga ya ɗan dushe, na kai shi bakin rigata zan murza. Papa Yaw ya cafke wuyan hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Daabi! A'a, Alaji! In ka goge shi ka kashe shi."

Ya karɓa ta gefe, da yatsa biyu. Rabona da ganin an riƙe kuɗi haka tun a zauren Baba. Ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya kwance su ɗaya bayan ɗaya yana jerawa kan tawul. Yawanci yakan gyaɗa kai ya ce mai kyau ne amma akwai shi da yawa. Wasu ya ware su gefe. Da ya zo kan wani kwabo, sai ya tsaya. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya tashi ya kai shi bakin taga.

"Wannan ka samu shi ina?"

"Canji aka ba Baba a kanti. Ƙyallinsa ya gani ya ajiye."

Ya zauna ya yi mini bayani a hankali. Ya ce a gidan da ake buga kuɗin a ƙasar Turawa an yi kuskure, aka haɗa gefe ɗaya mai sunan sarkin da ya riga ya mutu da ɗaya gefen mai shekarar da ba tasa ba. Kafin su farga wasu kaɗan sun fita. Waɗanda suka fita kuma sun shiga kasuwa, sun sha hannun masu kifi da masu gawayi har rubutun ya shafe, wasu an yi wa yara laya da su, wasu an narka. Wanda ya kwana a ƙyalle tun ranar da aka buga shi, da wuya a samu.

"To ai ba zinariya ba ne," na ce. "Ko azurfa ba ce. In ka kai wa maƙeri ko ruwan sanyi ba zai ba ka ba."

"Maƙeri ƙarfe yake saye. Sika, zinariya, sikeli ne yake magana. Sabo ne, tsoho ne, ya karce, duk ɗaya, nauyi kawai. Gobe in kana so, ka je ka sayi wani irinsa. Wannan in ya ɓata, ina za ka je? Ba a buga shi kuma. Mutane suna can Ingila, suna can Amurka, kowa aljihunsa saura gida ɗaya babu kowa ciki, wannan suke jira. In biyu suka haɗu a gwanjo, kai ka zauna ka sha ruwa." Ya nuna waɗanda ya ware. "Waɗannan ma, ka ga ƙaramin harafi a ƙasa? Shekaran nan kaɗan aka yi. Kuma Babanka bai goge ba, bai huda ba. Babanka ya san abu."

"Bai sani ba. So kawai yake yi."

"To shi ne."

Na tambaye shi nawa. Ya ce shi ba zai yanke ba sai masana sun gani, amma kwabon nan shi kaɗai ya fi fam na zinariya, in aka haɗa da sauran kuwa, ya faɗi abin da yake zato. Ya yi tsammanin zan yi kabbara. Ban yi ba. Na lissafa masa shekarun baya, na ce a lokacin kaza fa, lokacin da shagona ya mutu, suna da wannan darajar?

"Bai kai na yau ba. Amma masu nema suna nan tun tuni. Ni kaina lokacin ina aika wasiƙa ina saye."

Na gaya masa abin da asibiti suka nema. Ya cire gilashin idonsa ya daɗe yana gogewa.

"Zai biya," ya ce. "Har da saura."

Ban san yadda na tsallaka titi na shiga gida ba. Hausawa suna cewa rashin sani kaza ta kwana a kan dami. Amma kazar ita ce ta kwana da yunwa. Ni na kwana a kan damin, wata ce ta mutu.

Na kasa cin abinci sosai, har surukata ta fara tambaya ko miyarta ce. Daga ƙarshe na hau trotro, motar haya, na tafi Ayigya Zango wurin wani malami da nake jin nauyinsa, na zayyana masa komai. Na ce ina tsoron na shekara da shekaru ina kwana da gadon 'yar'uwata a ƙarƙashin kaina. Ya saurara har na gama. Ya ce a ranar rabon abin ba shi da ƙima a idon kowa, kuma ita da hannunta ta ba ni, kyauta ce, Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, ajali kuma in ya zo ko da likitan duniya a ɗaki sai an tafi. Amma in zuciyata ba ta kwanta ba, in fitar da kason da zai zama nata in ba 'ya'yanta, wannan ya fi tsantseni. Na yi godiya. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Sai dai malamin bai ga yadda na juya kai wajen bango ba a ranar. Da gwangwanin a hannunta ya zauna, ita mai buɗewa ce. Mai nuna wa mutane ce. Duk wanda ya zauna shan koko sai ya ji labarin Baba. A cikin shekarun nan duka, wa ya san wanda zai gani ya gane?

Papa Yaw ya haɗa ni da wani da ya sani a Ankara ta bakin teku, babban birninmu, shi ya aika da waɗanda aka ware wajen gwanjo. An ɗauki watanni. Da kuɗin suka zo, ɗana ya karɓo mini a banki, na zuba su duka a jakar leda ban taɓa ko sidi ɗaya ba, na nufi Aboabo da hantsi, lokacin da na san ciniki ya lafa.

Adiza tana nan a inda uwarta take zama, wato Yaya, wadda su ma Mma suke ce mata. Ita ma yanzu furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwali. Tana kankare kaskon ƙosai ta hango ni, ta tashi ta goge benci.

"Kawu, lafiya da rana haka? Ina ƙafar?"

"Da sauƙi. Zauna, magana na zo da ita."

Na faɗa mata tun daga zauren Baba har zuwa tagar Papa Yaw. Ban rage ba. Tana ji tana jujjuya cokalin ƙosai a hannu. Da na zo kan maganar asibiti sai cokalin ya tsaya. Ta daɗe tana kallon titi, babura suna wucewa.

"Kwabo," ta ce. "Kwabo mai huda."

"Shi."

"Na sayar da kekena, Kawu."

"Na sani."

"Sau biyu na ɗaura mayafi zan zo wurinka a kan ka ƙara nema ko bashi ne, Mma ta hana ni. Ta ce Auta ba shi da komai, kar a ƙara masa nauyi, in ya ga ya kasa zai shiga damuwa." Ta share ido da gefen hannu. "Tana kwance tana tausayinka."

Na tura mata jakar. Na ce duka nata ne ita da ƙannenta, ba na son ko ɗaya. Ta buɗe ta leƙa, ta tambaye ni me malam ya ce. Na gaya mata. Sai ta share tiren ƙosai, ta juya baya ga titi, ta kasa kuɗin kashi uku a kai. Ta ɗauki ɗaya ta sa a cikin zaninta. Ta mayar da biyun cikin jakar ta ɗaure ta ajiye a cinyata.

"Adiza, don Allah ki ɗauke mini."

"Wannan na Mma ne, na karɓa, kuma wallahi muna bukata, ɗakin ƙanena ruwa yake zuba. Wancan naka ne."

"Ni na ba ki. Kyauta."

"A'a, Kawu. Mma ba ta taɓa cin na wani ba tana raye. Ba zan sa mata a kabari ba." Ta dube ni, ba da fushi ba. "Na san abin da kake so. Kana so ka koma gida hannunka ba nauyi. Ba ni da ikon wannan. Ka yi mata addu'a, mu ma muna yi."

Ta karkata tukunya ta kwarfo sauran kokon da ya rage a gindi, ta zuba mini a kofi, ta ɗora ƙosai biyu a takarda. Na sha. Ɗanɗanon bai canja ba, citta da kanumfari da ɗan yajin nan da ke kama maƙogwaro. Da na gama sai na ga hannuna ya shiga aljihu da kansa. A nan na tuna cewa tun ina saurayi, duk safiyar da zan tafi Magazin a nan nake tsayawa, in sha in ci in goge baki in wuce, har na yi aure, har na yi jikoki, kuma ban taɓa tambayar nawa ne kofi ba.

"Nawa ne?" na ce.

Na ɗauka za ta ce haba Kawu. Sai ta faɗi kuɗin. Na miƙa, ta karɓa, ta buɗe robarta ta ba ni canji.

Tun daga ranar, in ƙafa ta yarda, ina idar da Asuba nake neman mota zuwa Aboabo. Ɗana yana faɗa, wai ga koko a bakin layinmu. Nakan shiga layi bayan 'yan makaranta da masu tura baro, in jira har ya zo kaina. Adiza ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi ƙafa, ta zuba mini, in biya.